Yadda Za Ka Gane Namiji da Mace a Kifin Ram Kafin Ka Haɗa Su Kiwo

Karon farko da na sayi kifin ram, guda biyu na ɗauka, mai shagon ya tabbatar mini mata da miji ne. Ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma, kuma ba sa rabuwa, sai na yarda. Bayan kamar wata biyu na tarar da ƙwai jere a kan wani ɗan faffaɗan dutse. Kwana biyu duk suka yi fari, suka ruɓe. Haka aka yi har sau uku ina ɗora wa ruwa laifi, sai ranar da Allah ya sa ina zaune gaban tankin suka fara zuba ƙwan, na ga wannan ta wuce ta bar layin ƙwai, waccan ma ta wuce ta bar nata. Mata biyu ne. Wata huɗu na ɓata a kan abin da kallon minti goma zai warware, da na san inda zan duba.

Ram ɗan ƙaramin kifin ado ne da ake kiwo a tankin gilashi, tsawonsa bai cika wuce santimita 5 zuwa 7 ba. Sunansa na kimiyya Mikrogeophagus ramirezi, kuma masana biyu, George Myers da Robert Harry, su ne suka bayyana shi a rubuce a 1948, suka sa masa sunan Manuel Ramirez, wanda yake cikin waɗanda suka fara kamo shi. Asalinsa yankin kogin Orinoko ne, a filayen ciyawa na Banizuwela da Kwalambiya da ake kira Llanos, inda yake zaune a tafkuna marasa zurfi masu ɗumi sosai. Dangin karfasa ne, wato gidan sikilid, sai dai shi ba ya riƙe ƙwai a baki kamar karfasar da ake kiwo a kududdufi. A kan dutse ko cikin ɗan rami a yashi yake zubawa, uwa da uba su yi gadi tare. Wannan ne ya sa samun namiji da mace na gaskiya, waɗanda kuma suka yarda da juna, shi ne rabin aikin.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan: babu wata alama guda da ta isa ka yanke hukunci da ita. Shekaru da yawa ana haɗa irin wannan kifi a gonaki don launi da tsawon fiffike, har alamomin da aka sani a jikin na daji suka gauraya. Za ka tara alamomi uku ko huɗu su yi magana da baki ɗaya, sannan ka jira shaida ta ƙarshe.

Mataki na farko: ka bari su girma

Ram yana balaga ne yana da wata 4 zuwa 6. Kafin nan namiji da mace kusan kamarsu ɗaya, kuma yawancin waɗanda ake kawowa shago ba su kai wannan lokacin ba. Idan kifin bai kai santimita 3 da rabi zuwa 4 ba, duk wanda ya ce maka ga namiji ga mace, hasashe yake yi, ko da ya daɗe a harkar.

Mataki na biyu: ka gyara yanayin kallo

Kifin da ya tsorata yana ɓoye launinsa. Wanda aka sauke daga jaka yau zai yi fari-fari, ya naɗe fiffikensa, cikin macen ma ya dushe. Ka ba su mako ɗaya ko biyu su saba da wurin, ruwan ya kasance da ɗumin digiri 27 zuwa 29, a ƙasa akwai yashi mai laushi da wuraren ɓuya. Lokacin da ya fi dacewa da kallo shi ne jim kaɗan bayan sun ci abinci, domin a sannan suke buɗe fiffike suna yi wa juna fankama.

Ka zauna idonka daidai da tsayin kifin, kada ka leƙo daga sama. Ka riƙe ƙaramar tocila ka haska daga gefe, a karkace, hasken ya faɗa kan ɓawon jikin. Sannan ka ɗauki bidiyo da waya na minti ɗaya ko biyu. Ram ba ya tsayawa wuri ɗaya, amma a bidiyo za ka tsayar da hoto ka zuƙo shi, ka duba a nutse. Ni dai wannan dabarar ta fi komai taimaka mini.

Mataki na uku: ka duba ciki

Wannan ce alamar da ta fi saurin fitowa a ram mai launin asali, wanda masu sayarwa ke kira German blue. Macen da ta balaga cikinta yana ɗaukar ruwan hoda, daga bayan fiffiken ƙirji zuwa kusa da mafitar kashi. Idan ta cika da ƙwai launin ya ƙara nuna, ya koma ja-ja kamar an shafa mata janbaki, cikin kuma ya yi tulu. Cikin namiji rawaya ne ko fari mai ɗan shuɗi, a shafe yake.

Sai dai ka kula da abu biyu. Idan ka ga ruwan hoda sosai a ciki, kusan ka tabbata mace ce. Idan ba ka gani ba, hakan bai nuna namiji ba ne, don macen da ta gama zuba ƙwai, ko wadda ake kora, ko wadda ba ta ƙoshi, cikinta yakan dushe. Kuma kumburin ciki shi kaɗai ba shaida ba ne: namijin da ya ci ya ƙoshi zai yi tumbi, mai ciwon ciki ma haka.

Mataki na huɗu: baƙin tabon gefe

A tsakiyar jikin ram, ƙasa da fiffiken baya, akwai baƙin tabo babba. Nan tocilarka za ta yi aiki. A jikin mace, ɗigo-ɗigon shuɗi masu ƙyalli suna shiga har cikin baƙin, kamar an yayyafa su a kai. A jikin namiji tabon baƙi ne wuluk, shuɗin ya kewaye shi daga waje bai shiga ba.

Wannan alama tana da ƙarfi a kifin da yake kusa da asalin na daji. A na gona tana yaudara, domin an yi ta zaɓar masu yawan shuɗi ana haɗawa, har aka samu maza da ɗigo ɗaya ko biyu a cikin tabonsu. Abin da nake yi shi ne in duba gefe biyu na kifin. Idan ɗigon suna da yawa a tsakiyar tabon ta kowane gefe, sai in ƙirga shi a ɓangaren mace. Idan ɗaya ne tak a bakin tabon, ba na sa shi a lissafi.

Mataki na biyar: fiffike da ƙirar jiki

Fiffiken baya yana farawa da wasu baƙaƙen ƙayoyi a tsaye. A namiji, ta biyu da ta uku, wani lokaci har ta huɗu, suna zarce sauran su yi tsini kamar zankon zakara. A mace gajeru ne, ko da sun ɗan ɗaga ba sa yin wannan tsinin. Ƙarshen fiffiken baya da na fiffiken ƙasa da ke kusa da wutsiya su ma a namiji sukan yi tsini su miƙe baya, na mace kuma a zagaye. Fiffiken ciki guda biyu a babban namiji sukan yi tsawo har su kai farkon fiffiken ƙasa.

Mutane sun fi riƙe wannan alamar ta zanko, kuma ita ta fi jefa su cikin kuskure. Akwai mata masu dogon zanko, musamman wadda ta fi ƙarfi a tankin da babu namiji, kuma akwai mazan da aka cije musu ƙayoyin a faɗa ko suka karye a raga. Macen da na ɗauka namiji ce a farkon labarina irin wannan ce.

Game da girma, idan kifayen sa'o'in juna ne kuma abinci ɗaya suke ci, namiji ya fi girma da tsawo, goshinsa ya fi tudu, mace kuma gajera ce a dunƙule. A shago ba ka san wa ya girmi wa ba, don haka girma ba ya gaya maka komai a can. Za ka kuma ji ana cewa baƙin layi a fiffiken ciki alamar mace ne. Na ga wannan baƙin a jikin maza da mata, don haka ba na dogara da shi.

Mataki na shida: bututun haihuwa

Wannan ita ce alamar jiki da ba ta ƙarya, sai dai ba kullum take bayyana ba. Kwana ɗaya ko biyu kafin zuba ƙwai, wani ɗan bututu yana leƙowa a ƙasan ciki, gaba kaɗan da fiffiken ƙasa. Na mace yana da kauri, bakinsa a daƙushe, domin ƙwai ne zai bi ta ciki, kuma ana ganinsa ba wuya. Na namiji ƙarami ne siriri mai tsini, sai ka ƙura ido. Idan ka ga kifaye biyu suna share dutse tare, to lokacin dubawa ya yi. Ka ɗauki bidiyon daga gefe, daidai da ƙasan cikinsu, ka kwatanta. Bututu biyu masu kauri iri ɗaya, mata biyu ke nan.

Wasu sukan kama kifi su juya shi a hannu don duba mafitar, kamar yadda ake yi wa karfasa. Ban ba ka shawarar haka a ram ba. Ƙarami ne ƙwarai, ba ya jure wahala, kuma abin da za ka gani bai kai haɗarin ba.

Launukan da alamominsu suka ɓace

A ram mai ruwan zinariya baƙin tabon ya dushe ko babu shi sam, don haka mataki na huɗu ya faɗi. Amma cikin macen yana nuna ruwan hoda ko ruwan lemo a kan rawayar, sai ka haɗa da ƙirar jiki. Wanda ake kira electric blue ya fi wuya, domin shuɗin ya rufe jikin duka, ba tabo, cikin ma da ƙyar yake nuna wani launi. A nan sai girma tsakanin sa'o'i, da zanko, da bututu. Masu dogon fiffike kuwa, mace da namiji duk fiffikensu ja yake, ka manta da mataki na biyar. Akwai kuma wanda aka gajarta wa jiki ya zama kamar balan-balan, kowa cikinsa a kumbure. Ni ba na kiwon wannan, kuma ba na so a ƙarfafa yaɗa shi, domin naƙasa ce aka mai da ita ado.

Kada kuma ka rikita shi da ɗan'uwansa na Bolibiya, Mikrogeophagus altispinosus, wanda ya fi girma, yakan kai santimita 8, launinsa bai kai na wannan haske ba, kuma yana jure ruwa mai ɗan sanyi. A shi mace ba ta wannan jan cikin. Babban namiji ne yake fitar da zare a saman wutsiya da ƙasanta.

Mataki na bakwai: ka bar su su zaɓi juna

Ko ka gane namiji da mace daidai, ba dole ne su yarda da juna ba. Ram yana zaɓen abokin zama, kuma idan ka kulle namiji da macen da bai so ba a ƙaramin tanki, zai yi ta korarta har ta daina ci. Hanyar da ta fi tabbas ita ce ka sayi ƙanana 6 zuwa 8 ka rene su tare a tanki mai lita 100 ko fiye, da tsirrai da itace da za su tsare ganin juna. In da hali kada ka saye su duka daga wuri ɗaya, don kada ka haɗa 'yan'uwa ciki ɗaya. Ka guji kuma ƙaramin kifin da launinsa ya yi tsananin haske fiye da shekarunsa, musamman idan duk tankin shagon kamar maza ne. Masu kiwo da dama suna kokawa cewa irin waɗannan ba sa daɗewa kuma ba sa haihuwa.

Idan sun balaga za ka ga canji. Maza biyu za su fuskanci juna su buɗe fiffike, su tunkuɗi juna da baki, kowa ya koma kusurwarsa. Wannan rikicin iyaka ne. Waɗanda suka haɗu kuwa tare suke yawo, tare suke tonon yashi, kuma tare suke korar duk wanda ya matso kusurwarsu. Namijin yakan bi macen ya ɗan tsokane ta, ita kuma ta karkata jiki ta nuna masa jan cikinta ba ta gudu ba. Idan tana gudu tana maƙalewa a saman ruwa bayan hita, launinta ya dushe, to ba a daidaita ba, ka raba su.

Da zarar biyu sun kama wuri, ko ka kwashe sauran, ko ka mai da su biyun tanki nasu mai lita 60 zuwa 75.

Mataki na takwas: tankin haihuwa

Ka shimfiɗa yashi mai laushi, domin ram yana ɗiban yashi a baki yana tacewa, sunan nasa na kimiyya ma ma'anarsa ƙaramin mai cin ƙasa. Ka ajiye faffaɗan duwatsu masu santsi biyu ko uku a wurare daban, kowanne kusa da tsiro ko itace. Matatar soso mai aiki da iska ita ta fi, don ba ta zuƙe 'ya'ya kuma ba ta tayar da igiyar ruwa. Ɗumi ya tsaya a digiri 28 zuwa 29. A lokacin zafi ruwan ɗaki yakan kai haka da kansa, amma da hunturu dare ɗaya ba wuta ya isa ya saukar da shi sosai, kuma ram ba ya yafe sanyi. Ka tanadi hita da ma'aunin zafi, in wuta ta ɗauke ka lulluɓe tankin da bargo.

Ruwan ya zama mai laushi, wato marar yawan gishirin ƙasa, mai ɗan tsami, pH tsakanin 5.5 da 6.5. Ruwan burtsatse a wasu wurare yana da nauyi, ka gwada naka kafin komai. In ya yi nauyi, ka gauraya shi da ruwan da aka tace da injin RO, wato na'urar da ke cire gishirin ƙasa daga ruwa, ko tsabtataccen ruwan sama wanda ba na farkon damina ba. Ka riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako, sabon ya zo da ɗumi ɗaya da na ciki. Ka ciyar da su sau biyu a rana da abinci mai gina jiki, kamar artemiya, wato 'yan mitsi-mitsin jatan lande na ruwan gishiri, da jajayen tsutsotsin ruwa da aka daskarar a ƙanƙara, kaɗan-kaɗan yadda ba za a bar saura ba.

Mataki na tara: karanta ƙwan

Ranar zubawa, yawanci da yamma, macen za ta bi kan dutsen a hankali tana manna ƙwai layi-layi, sai ta kauce namijin ya bi ta kai. Ka lura da kyau a nan: bayan wucewar namiji adadin ƙwan ba ya ƙaruwa. Idan kowanne ya wuce sai ka ga sabon layi, ka san abin da kake da shi. Sukan zuba ƙwai 150 zuwa 300, babbar mace takan wuce haka.

Ƙwan da ya samu namiji launinsa ruwan zuma ne, mai ɗan haske. Wanda bai samu ba yakan yi fari fat cikin kwana ɗaya ko biyu, funfuna ta hau shi. 'Yan ƙwayoyi farare a cikin masu kyau ba komai ba ne, iyayen za su tsince su. A ɗumin digiri 29 ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 2 zuwa 3, iyayen su kwashe 'ya'yan da baki su kai wani rami da suka tona, bayan kamar kwana 5 kuma su fara iyo.

Idan duk ƙwan ya yi fari, kada ka yi gaggawar cewa mata biyu ne. Abu uku ke jawo haka. Ko dai matan biyu ne, ko namijin bai gama balaga ba ko ba ya haihuwa, ko ruwan ya yi nauyi. Ka fara da bututu da bidiyon ranar zubawa, su za su kawar da na farko. Sannan ka gwada ruwan. In duka biyun lafiya, ka ba namijin dama sau biyu ko uku, domin macen da ta rasa ƙwai takan sake zubawa cikin mako biyu zuwa uku. In har yanzu shiru, ka canza namiji.

Haka kuma idan ka wayi gari ƙwan ya ɓace, ba lallai akwai matsala a jinsinsu ba. Sababbin iyaye sukan cinye ƙwansu a karon farko da na biyu, har na huɗu ma, musamman in ana yawan giftawa gaban tankin ko ana kunna fitila kwatsam. Ka rufe gefen tankin da takarda, ka bar ɗan haske mai rauni a ɗakin da dare don su riƙa ganin abin da suke gadi. Wasu 'yan ƙananan kifaye masu yawo a sama, kamar tetra na kadinal da ke jure ɗumi, sukan sa iyayen su mai da hankali kan gadi maimakon faɗa da juna, amma ka kwashe su kafin 'ya'yan su fara iyo. Na fi son a haƙura a bar iyaye su koya, a kan a ɗauke dutsen a ƙyanƙyashe a wani wuri, domin ganin uwa da uba suna kora garken 'ya'yansu a kan yashi shi ne dalilin da ya sa yawancinmu muka shiga kiwon wannan kifi.

'Ya'yan ram ƙanana ne ƙwarai, a kwana biyu ko uku na farkon iyo da yawansu ba sa iya haɗiye artemiya. Ka tanadi ƙananan halittun ruwa da ake kira infusoriya ko ƙananan tsutsotsin kiwo tun ranar da aka zuba ƙwai, sannan ka koma sabuwar ƙyanƙyasar artemiya sau uku a rana. Ka rubuta ranar da suka ƙyanƙyashe a jikin tankin. Da yake sa'o'in juna ne, wajen wata na huɗu bambancin girma zai fara nuna maka mazan, ba da daɗewa ba kuma ruwan hoda ya fara fitowa a cikin matan.